Tef ɗin Malam Abass

Da Samy Ben Redjeb bai manta fasfonsa a cikin jakar da ya miƙa wa masu awon kaya ba, da wataƙila har yau tef ɗin Malam Issa Abass yana kwance cikin kwali a birnin Akra. A filin jirgin saman Frankfurt abin ya faru. Angola za shi, ta Addis Ababa, neman tsofaffin faya-fayai, don sana'arsa ke nan. Haifaffen Tunisiya ne mazaunin Jamus, ya taɓa aiki a jiragen Lufthansa, daga baya ya kafa kamfanin Analog Africa, wanda aikinsa tono kiɗan Afirka na da ya sake bugawa. Aka tsayar da jirgi, aka sauke kaya ana neman jakar, ba a gan ta ba. Tafiya ta fasu. Da ya koma neman wani jirgin zuwa Angola, sai ya tarar duk sun cika, aka ce ya zaɓi wani gari. Ya zaɓi Akra, inda ya san wani dattijo, Dick Essilfie-Bondzie, mai kamfanin faifai na Essiebons.

Shekarar 2008 ke nan. Abin da ya tarar a Gana ya fi abin da ya fito nema. Kamfanin PolyGram, wanda a da yana cikin manyan masu buga faifai a Afirka ta Yamma, ya tattara ya bar ƙasar a shekarun 1980, ya bar zarurrukan da aka ɗauki waƙoƙi a kansu jibge cikin kwalaye a wani sito. Dalilin tafiyar kamfanin ba ɓoyayye ba ne. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na ranar 31 ga Disamban 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu, makaɗi kuwa da dare yake cin abinci. Gidajen rawa suka rufe, mawaƙa suka watse, wasu Legas, wasu Landan da Hambok, wasu suka koma kiɗan coci. Ga kaset ya shigo, kowa na iya kwafar waƙa a shagon bakin titi. Wa zai sayi faifan garmaho?

Duk wanda ya taɓa ajiye kaset a ɗaki mai laima ya san abin da ke samun zare: fumfuna ta hau shi, ya manne da juna, in aka sa shi a na'ura ya riƙa kuka yana zubar da gari. Akra kuwa bakin teku ce. Amma waɗannan sun fito lafiya bayan sama da shekara ashirin. Samy ya zauna ya kwafe su. A cikinsu akwai na wata ƙungiyar makaɗa daga Togo, Orchestre Abass, kuma har da waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa kasuwa ba.

Masu tara faifai sun riga sun san sunan, sai dai kaɗan ne suka taɓa riƙe kayan a hannu. A 1972 ƙungiyar ta fitar da ƙananan faya-fayai biyu da tambarin Polydor, irin masu juyi 45 a minti ɗaya, waɗanda faɗinsu bai wuce inci bakwai ba. Biyu daga waƙoƙin sunan Hausa gare su, Samarin Banza da Haka Dunia. Malam Issa Abass shi ya kafa ƙungiyar, shi ke kaɗa jita, shi ke danna ogan, kuma ogan ɗin ce ke jan ragamar kiɗan. Sautinta mai kauri ne, mai ɗan gurnani, ganguna na bin ta ba sassauci. Wanda ya ji zai gane cewa mutanen nan sun saurari James Brown, kamar yadda samarin Legas da Kwatano da Akra suka saurare shi a lokacin, amma murya da karin waƙar na gida ne.

Lome, babban birnin Togo, a 1972 tana da zangonta a tsakiyar gari, ba nisa da babbar kasuwa. Unguwa ce ta Hausawa da sauran Musulmi 'yan kasuwa, inda baƙo daga Kano ko Sakkwato ko Yamai ke sauka a gidan maigida, a ba shi masauki da tuwo, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa kan bashin shanu ko na goro. Hausa ce harshen ciniki, kuma ba sai Bahaushe ke jin ta ba: mutumin Sokode da na Mango da na Bassar in sun haɗu a tasha, sau da yawa da ita suke gaisawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne makaɗan Togo su sa wa waƙarsu suna da Hausa. Sun san kunnuwan da suke nema.

Shekara biyar bayan fitowar faya-fayan, a 1977, gwamnatin Gnassingbé Eyadéma ta rushe tsohon Zango. Aka kwashe mutanen zuwa bayan gari, wajen kilomita 15 arewa da birni, wurin da ake kira Agoè-Zongo yau. Manyan gine-ginen bankuna da ofisoshi suka maye gurbin unguwar. Wani Bafaranshe masanin zamantakewa, Michel Agier, ya zauna da 'yan kasuwar ya rubuta littafi a kansu a 1983.

Ƙarshen Malam Abass ya fi wannan muni. Shekarar 1993 baƙa ce a Togo. Yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamban 1992 ya ci wata da watanni, a Janairu jami'an tsaro suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Lome, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallaka Gana da Benin da abin da hannu zai iya ɗauka. A cikin wannan shekarar aka jefa gurneti cikin ɗakin kwanan Malam Abass, ya rasu. Allah ya jiƙansa.

To, da tef ya bayyana shekara goma sha biyar bayan haka, babu mai ƙungiyar balle a tambaye shi. Samy ya fara sa waƙoƙinsu biyu cikin wani tarin kiɗan Gana da Togo mai suna Afro-Beat Airways a 2010, sannan ya shiga cigiyar waɗanda suka rage. Ya sami Thon Komla, ɗaya daga masu tsara waƙoƙin, ya sami Abderaman Issa mai jita, daga bakinsu aka haɗa tarihin ƙungiyar. Wata waƙar kuma, Honam, ba ta cikin kwalayen Akra. A Sotouboua, wani ƙaramin gari a tsakiyar Togo kan hanyar arewa, aka tsinci faifanta. Da ita aka cika shida, aka buga babban faifai mai suna De Bassari Togo, kusan shekara goma bayan gano tef ɗin. Kamfanin ya ce daga hannun masu waƙoƙin ya sayi izini kai tsaye, abin da ba kowane mai sake buga kiɗan Afirka ke yi ba.

Samy ya lura da wani abu a yawonsa. Akwai ƙungiyoyi daga arewacin Gana har arewacin Kamaru da kiɗansu ke kama da juna: Uppers International ta Bolgatanga, Napo De Mi Amor na Togo, Super Borgou ta Parakou, da Hamad Kalkaba, wanda daga baya ya zama kanal kuma shugaban hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta Afirka. Ya ce da yawansu sun yi makarantar allo, kuma ana jin hakan a yadda suke jan murya, har ya laƙaba wa yankin sunan da ya haɗa Musulunci da kiɗan fonk. Kunnensa bai yi ƙarya ba, amma sunan bai kwanta mini ba. Malaman zaure ba za su gode masa ba, kuma abin da ya gano ya girmi jita da ogan nesa ba kusa ba. Hanyar fatake ce, wadda ake bi daga ƙasar Hausa ta Borgu zuwa Gwanja sayen goro, ana yada zango gari-gari. Inda jakuna suka bi, nan harshe da kari suka bi.

Abin da ya rage mini a zuci shi ne wa ke saye. Faifan roba ne aka buga kaɗan, farashinsa da kuɗin Turai, masu kaɗa faifai a gidajen rawa na Balin da Faris da Tokyo su suka fi wawasonsa, galibinsu ba su jin ko kalma ɗaya. A Agoè-Zongo ko Kano da wuya ka sami gidan da garmaho ke aiki. Sauƙin dai an ɗora waƙoƙin a intanet, mai waya da data zai iya ji.

Kwalayen Akra ba su ƙare a kan Abass ba. Daga ajiyar Essiebons Analog Africa ta sake fitar da wani tari a 2021, Essiebons Special. Dick Essilfie-Bondzie, wanda aka fara aikin tare da shi, ya rasu a 2020 kafin faifan ya fito.