Wa Ke da Kujera Ranar Wasan Ƙarshe?

Yawancin masoya ƙwallo a Kanan Bakashe, garin da ke kwarin Gulbin Kaba cikin gundumar Mayahi, a gidan kallo suke ganin manyan wasanni. Rumfa ce ta zana ko ta kwano, da bencina a jere, da talabijin an ɗora shi bisa tebur mai tsawo, da injin wuta ko farantin sola a bayan ɗaki. Haka abin yake a Tasawa da Mayahi da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Ranar wasan da ba shi da armashi, rabin bencinan ma ba sa cika. Amma ranar wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, har wanda bai san sunan mai tsaron raga ba sai ya taho da ƴan dalolinsa a hannu, ƙofa ta cushe tun kafin a kunna injin.

A nan ne mai gidan kallo ke yanke hukunci: wa zai zauna bencin gaba? Ba shi da littafi, amma ya san fuskoki. Ya san wanda ya zauna ya jira daren da iskar damina ta ɗauke hoto, ya san wanda ke biya ko da ƙungiyarsa na shan kashi mako bayan mako. Mai hankali daga cikinsu yakan ajiye wa irin waɗannan wuri, ko da baƙon da ya zo yau ya ninka kuɗin shiga.

Wannan tambayar ce dai ke hana shugabannin manyan ƙungiyoyin duniya barci, sai dai su nasu lissafin na miliyoyin kuɗi ne, wani lokaci har da rayuka.

Filin Wembili na Landan yana ɗaukar mutum 90,000. Amma a wasan ƙarshe na Kofin FA na 2023, tsakanin Manchester City da Manchester United, kowace ƙungiya tikiti kusan 30,000 aka ba ta. Sauran sun tafi ga hukumomin ƙwallo na gundumomi, da kamfanonin da ke zuba kuɗi a gasar, da masu kujerun alfarma da suka biya na shekaru. Abin ya fi muni a wasannin Turai. A 2019, da Arsenal da Chelsea suka haɗu a Baku, babban birnin Azarbaijan, tikiti 6,000 kacal aka ware wa kowace, a filin da ke ɗaukar sama da mutum 60,000. A 2022 a Faris, Liverpool da Real Madrid sun samu kimanin 20,000 kowace cikin kujeru 75,000. Ƙungiyar da ke da masu tikitin shekara dubu arba'in ko hamsin, idan aka miƙa mata dubu ashirin, dole ta hana rabin ƴan gidanta ko fiye.

To yaya ake rabon? Yawancin ƙungiyoyin Ingila maki suke tarawa. Duk tikitin da mutum ya saya ana rubuta shi da sunansa da lambar katinsa. A wasu ƙungiyoyin, wasan da kowa ke rububin gani makinsa kaɗan ne, shi kuwa wasan daren Talata da ƙaramar ƙungiya, cikin sanyi, a gari mai nisa, shi ke da maki mai tsoka. Idan babbar rana ta zo, sai a buɗe sayarwa hawa-hawa: yau masu maki mafi yawa, gobe na ƙasa da su, in an samu ragowa a jefa ƙuri'a. Kamar adashi ne, wanda ya yi ta zubi shi ke da kwasa. Akwai kuma dokokin da ke kare baƙi. A Kofin FA, ƙungiyar da ta zo baƙunta na da haƙƙin neman har kashi 15 cikin ɗari na kujerun filin, kuma tun 2016 gasar Firimiya ta ƙayyade cewa tikitin mai bin ƙungiyarsa waje ba zai wuce fam 30 ba.

Ba kyauta aka ba magoya baya waɗannan abubuwa ba. A watan Fabrairun 2016, dubban ƴan Liverpool suka tashi suka fice daga filin Anfil a minti na 77 na wasansu da Sunderland, saboda an shirya kai wasu tikitoci fam 77. Cikin ƴan kwanaki masu ƙungiyar suka janye, suka kuma nemi afuwa.

Tsarin makin yana da nasa aibin. Wanda ke da maki shi ke samun tikitin da zai ƙara masa maki, don haka saurayin da ya taso yau yakan daɗe yana kallon ƙofa daga nesa. Wasu dattawan ma sun daina zuwa, amma suna saye su miƙa wa wani don kada makinsu ya zube. Shi ya sa ƙungiyoyi suka koma ga tikitin waya, suna kuma sa wasu su zo su karɓa da kansu da katin shaida. Duk da haka, tsarin ya amsa wani abu da zuciyar ɗan ƙwallo ta yarda da shi: wanda ya sha rana da ƙungiya ya fi cancanta da inuwar ranar kofi.

A ƙasar Hausa, babu inda wannan magana ta fi dacewa kamar Kano. Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Kofin Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Filinta na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuwa mutum kusan 16,000 yake ɗauka, a birnin da ke da miliyoyin jama'a masu cewa "Sai Masu Gida". A 2018 Pillars ta je wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, ta shiga gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Shekara ta zagayo, a 2019, Pillars ta doke Niger Tornadoes a Kaduna, ita ma da fenariti, ta ɗaga kofin karon farko. Mutumin da ya bi mota har Asaba ya dawo da baƙin ciki, da wanda bai daina zuwa ba bayan ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ai ya kamata a ce akwai inda aka rubuta sunayensu.

Mafi yawan filayenmu ba su da wannan littafin. Tikiti a bakin ƙofa ake sayar da shi ranar wasa, sai mai ƙarfin kafaɗa, sai mai uwa a gindin murhu, sai ƴan bumburutun da suka saye da safe su ninka da la'asar. Wani lokaci kuma babban mutum ya biya a buɗe ƙofa kyauta. Ana yaba masa, amma ƙofar da aka buɗe ba ƙidaya ba ta san lokacin da fili ya cika ba. A ranar 29 ga Maris 2022, gwamnatin Najeriya ta sayi tikiti 20,000 don a raba kyauta a wasan Super Eagles da Ghana a Abuja. An tashi 1-1, Ghana ta wuce gasar Kofin Duniya ta Ƙatar, ƴan kallo suka kutsa cikin fili suka yi ɓarna. Wata biyu kafin nan, ranar 24 ga Janairu, mutum takwas sun rasu a turmutsitsin ƙofar filin Olembe na Yawunde, a wasan Kamaru da Komoros. A Abijan, ranar 29 ga Maris 2009, mutum 19 ne suka mutu kafin wasan Kodebuwa da Malawi. Turai ma ba ta tsira ba: a wasan Faris ɗin nan an jefa wa masu tikiti na gaskiya barkonon tsohuwa, wasa ya makara sama da rabin awa, kuma binciken da ya fito a Fabrairun 2023 ya ɗora babban laifin kan hukumar UEFA.

Nijar ta san ranakun da fili ke yin kaɗan. Filin Janar Seyni Kountché na Yamai yana ɗaukar mutum 35,000, kuma a nan ne Mena, ƙungiyar ƙasar, ta doke Masar da ci ɗaya mai ban haushi a Oktoban 2010, ƙwallon Moussa Maazou, a kan hanyarta ta zuwa Kofin Afirka na 2012. Maraɗi na da ƙungiyoyin ƙwallo na Jangwarzo da Ɗan Kasawa, tana kuma da filin kokawa mai sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko na kokawar ƙasa a 1975. Duk wanda ya taɓa neman shiga filin kokawa ranar karon ƙarshe ya san cewa matsalar ba ta ƙwallo kaɗai ba ce.

Ɗan Kanan Bakashe shi ya fi kowa cutuwa da sayarwar bakin ƙofa. Daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, kuma kafin ya isa Maraɗin ma sai ya biya mota. Ba zai ɗauki kuɗin wake ko na akuya ya kama wannan hanyar ba alhali bai san ko zai shiga ba. Abin da zai gyara masa lamarin ba ya buƙatar na'urorin Landan: kati mai suna da lamba da ake buga wa hatimi duk wasan da ya halarta, kaso sananne na tikiti da ake ware wa kowace gunduma, da sayarwa kwanaki kafin wasa ta hanyar Nita ko Amana, waɗanda mutanen karkara suka saba karɓar aiken ƴan cirani da su. Idan tikiti ya ƙare, a sanar a rediyo tun da wuri, mutum ya sani tun yana gida, kafin ya hau mota.