Daga Tumfure zuwa Dadin Kowa: abin da tsuntsayen Gongola ke faɗa mana

Ma'aikacin da aiki ya kai shi Gombe, ya kama gida a Tumfure, ba ya buƙatar dogon hutu kafin ya ga ɗaya daga cikin wuraren da tsuntsaye suka fi taruwa a jihar. Idan ya fita bayan sallar asuba, ya ratsa cikin gari ya hau hanyar Biu, cikin awa guda zai isa Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, inda gwamnatin tarayya ta datse kogin Gongola a 1984.

Kallon tsuntsaye a nan hanya biyu ce. Ta farko a ƙafa, a gefen gonakin shinkafa. Nan ake ganin belbela tana bin shanu, zalɓe tsaye kamar an dasa shi yana dakon kifi, da zakaran ƙeƙuwa wanda ke tona asirin duk mai tahowa da kukansa. Ta biyu a kwalekwalen masunta, wanda ke kutsawa cikin ciyayin ruwa inda ƙafa ba ta kaiwa. Da yake ba shi da inji, tsuntsu ba ya firgita, sai mutum ya matso kusa da garken kirinjijiya ko dinya. Sai dai akwai dorina a wannan ruwa, don haka kada baƙo ya shiga sai da matuƙi ɗan gari da rigar kariya.

Kowane lokaci da baƙinsa. Shamuwa tana zuwa da damina. Daga Oktoba zuwa Maris kuwa tsuntsayen Turai masu gudun sanyi ne ke sauka, bayan sun ƙetare Sahara.

Amma ba nishaɗi kaɗai ke cikin lamarin ba. Tsuntsun ruwa ma'auni ne na lafiyar fadama: inda ya ƙaura, kifi da kiwo ma suna kan hanyar tafiya. Dausayin Haɗeja da Nguru ya isa misali. Bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ambaliyar shekara ta sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai, masunta da manoma suka ji a jikinsu, duk da cewa an sanya yankin cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000. Gauraka, wanda kakanninmu suka saba gani a fadamu, yau ganinsa a Najeriya ya yi wuya.

A Dadin Kowa, babbar damuwar manomi ita ce jan baki, wanda ke sauka dubbai a gonar shinkafa. Kukan manomi gaskiya ne, domin guminsa ne ke salwanta. Sai dai maganin da ake fesawa ba ya bambance jan baki da sauran tsuntsaye, kuma wani ɓangarensa a ruwa yake ƙarewa. Fesa a matsugunin jan baki kaɗai, nesa da bakin kogi, yana buƙatar sanin inda kowane tsuntsu ke kwana.

A nan ne mai kallo ke da amfani. Cibiyar APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya dogara da 'yan sa-kai masu rubuta abin da suka gani, da wurin, da ranar. Madubin hangen nesa da ɗan littafi sun wadatar.

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi su ne ke tsara takardun kasafin madatsun ruwa da na yaƙi da kwari. Wanda ya taɓa zama cikin kwalekwale da sassafe, ya ga abin da ke rayuwa a bayan alƙaluman, zai ƙara tambaya ɗaya kafin ya miƙa fayil: ina za a fesa, kuma me ke kusa da wurin?