Murjanin da Ke Ƙaura Daga Gidansa

Ko da yake Girei da Jimeta suna nesa da teku ƙwarai, har yawancinmu ba mu san wani babban ruwa ba bayan Binuwai da tafkin Geriyo, murjani ba baƙo ba ne gare mu, gama tun zamanin fataucin hamada ake kawo jansa daga Bahar Rum iyayenmu mata suna ado da shi, Alƙur'ani mai girma kuma ya ambace shi a Suratur Rahman cikin ni'imomin da ake fitarwa daga teku. Abin da ya ɓuya ga jama'a shi ne, wannan dutse gida ne na waɗansu ƙananan dabbobi masu taushin jiki, kowace da bakinta da 'yan yatsu kewaye da shi, su ne ke tsotsar sinadarin alli daga ruwan gishiri suna gina mazauninsu, fata ɗaya kuwa ta haɗa su, har abin da ɗaya ta ci yakan isa ga maƙwabciyarta.

To, masu kiwon murjani mai rai a akwatin gilashi cikin gidajensu, a Turai da Amurka da sauran ƙasashe, sukan wayi gari su ga wani al'amari mai tayar da hankali: fatar nan ta tsattsage, kowace dabba ta janye jikinta, ta saki gurbinta, ruwa ya tafi da ita, a bar ƙashi fari fat. Wani masani mai suna Paul Sammarco ya bayyana wannan ɗabi'a a shekarar 1982, bayan binciken da ya yi a tekun Ostireliya, ya kuma nuna cewa dabbar da ta fita da ranta take fita, idan ta dace da wuri mai kyau tana iya maƙalewa ta soma sabon gini, sai dai kaɗan ne ƙwarai ke samun wannan dacewa. Misalinta kamar mutanen bakin Binuwai ne a ambaliyar 2012, waɗanda ba ƙin gidajensu suka yi ba, zama ne ya gagara.

Sababin hijirar kusan kullum daga ruwan yake: zafi ya wuce kima, ko iskar shaƙa ta ƙaranta, ko guba ta shiga, ko gishiri ya yi yawa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, murjani kuwa yana son ɗumi wajen digiri 25 zuwa 27, alhali a Yola zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. A cikin akwatin kiwo ruwa zai dinga ƙafewa gishiri yana nan, wuta kuma idan ta ɗauke, famfon da ke motsa ruwan ya tsaya cik. Saboda haka duk wanda ya yi sha'awar wannan kiwo a garuruwanmu, lalle ya san amana ce ya ɗauka, haƙƙin rai ne a wuyansa, wajibi ne ya tanadi wutar da ba ta yankewa da na'urar sanyaya ruwa, ya riƙa cike abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri, in kuwa ba zai iya ba, a ganina ya haƙura ya fi masa alheri.

Kada a haɗa wannan hijira da farin da murjani ke yi a teku, domin can dabbar tana nan a gurbinta, gansakukar da ke zaune cikin jikinta tana ciyar da ita ce ta kora saboda zafi. Irin wannan farin ya halaka murjani mai yawa a 1998, a Afrilun 2024 kuma hukumar kula da teku ta Amurka ta ba da sanarwar aukuwarsa karo na huɗu a faɗin duniya.