Littattafan Yara Masu Shigo Da Bukukuwan Gida Cikin Aji

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka ma yaro, ba ya zuwa makaranta shi kaɗai, yakan zo ne tare da al'adar gidansu, da abincinsu, da irin bikin da ya tashi ya tarar iyayensa suna yi. To, me zai faru da yaron da ya shekara a aji ana karanta masa labarin bikin wasu, amma ba a taɓa ambaton nasa ba?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun malaman firamare na ƙasar Amurka, inda idan watan Disamba ya kama akan ƙawata azuzuwa da kayan Kirsimeti, alhali kuwa a kan benci ɗaya akwai ɗan Yahudawa, da ɗan Musulmi, da ɗan Hindu. Tun a shekarar 1965 wata masaniya mai suna Nancy Larrick ta fallasa irin giɓin da ke cikin littattafan yaran ƙasar. Ta bincika littattafai 5,206 da aka buga daga 1962 zuwa 1964, ta tarar 349 kaɗai ne suke da ko da baƙar fata guda a ciki. Daga bisani, a 1990, Farfesa Rudine Sims Bishop ta Jami'ar Jihar Ohayo ta kwatanta littafin yara da madubi da kuma taga: madubi domin yaro ya ga kansa, taga domin ya leƙa rayuwar maƙwabcinsa.

Littattafan da suka fi karɓuwa wurin malamai ba su ne masu jera bukukuwan duniya ɗaya bayan ɗaya kamar lissafin kayan kanti ba. Waɗanda yara kan riƙe su ne masu shiga gida guda, su kama yaro guda da wata damuwa tasa.

Alal misali, akwai "Lailah's Lunchbox" na Reem Faruqi, wanda ya fito a 2015. Yarinya ce iyayenta suka taso daga Abu Dabi zuwa Jihar Jojiya, ga shi bana ne aka fara yarje mata yin azumi. Murna ta cika ta, amma ta rasa yadda za ta gaya wa malamarsu dalilin da ya sa ba ta zo da abincin rana ba. Sai ta lallaɓa ɗakin karatu, inda matar da ke kula da littattafai ta ba ta shawarar ta rubuta abin da bakinta ya kasa faɗa. Ɗan ajin da bai taɓa jin kalmar Ramadan ba ya san kunya, ya san baƙunta, ta wannan ƙofa kuwa zai fahimci sauran.

Haka nan "Too Many Tamales" na Gary Soto, na shekarar 1993, ya kai mu gidan wasu 'yan asalin Mekziko a daren Kirsimeti. Suna haɗa wani abinci na ƙullin masara da akan naɗe cikin ɓawonta a turara, kusan yadda muke yin alale. Mariya ta ɗauki zoben mahaifiyarta ta sa a ɓoye, daga baya ta zaci ya faɗa cikin ƙullin. Ita da 'yan uwanta suka zauna suka cinye guda 24 suna neman zobe, har ciki ya ɗuri ruwa, ashe yana nan a yatsan uwar. Yara za su yi dariya, amma sun koyi cewa ko Kirsimetin ma kowane gida da yadda yake yin nasa.

Wanda ya fi ratsa zuciya shi ne "The Trees of the Dancing Goats" na Patricia Polacco, na 1996, wanda ta gina bisa ƙuruciyarta a wata gona a Jihar Mishigan. Iyalinta Yahudawa ne, suna shirin bikinsu na Hanuka mai dare takwas na kunna fitilu, sai wani zazzaɓi mai fesar da ƙuraje ya kwantar da maƙwabtansu Kirista. Suka sari ƙananan itatuwa, suka rataya musu 'yan dabbobin katako da kakan ya sassaƙa domin jikokinsa, suka bi gida gida da abinci. Ba wanda ya bar addininsa, maƙwabtaka ce kawai ta yi halinta.

Sai dai malami ya yi hattara. Bai kamata ya tsayar da yaro gaban aji ya mai da shi kakakin addininsu ba, sai in shi ya nuna yana so. Sa'an nan kowane labari a karanta shi a lokacinsa, domin azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ba a ɗaure shi da Disamba. Kuma a sanar da iyaye cewa wannan darasin sanin juna ne, ba wa'azi ba.

Mu ma nan Nijeriya zancen ya shafe mu, tun da a Legas, da Kaduna, da Jos, 'ya'yan masu Sallah da na masu Kirsimeti allo ɗaya suke kallo. Ifeoma Onyefulu, haifaffiyar Onitsha, ta nuna hanya da littafinta na hotuna "An African Christmas", labarin wani yaro Afam da ke haɗa kayan dodonsa domin wasan Kirsimeti a ƙasar Ibo. Ga tashe, ga hawan Sallah, ga ƙwaryar tuwo da akan aika gidan maƙwabci, duk suna jiran marubutanmu da masu zane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.