Fashin Baƙi: Damarmakin Zurfafa Karatu da Bincike a Fannin Tattalin Arzikin Lafiya

A watan Afrilun 2001, shugabannin ƙasashen Afirka sun taru a Abuja inda suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu na shekara domin kiwon lafiya. Fiye da shekara 20 bayan haka, kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kaiwa wannan matsayi ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, daga aljihun majinyata da iyalansu yake fitowa kai tsaye.

Ma'anar wannan ita ce, doguwar jinya guda na iya sa magidanci ya sayar da bisashensa ko ya jinginar da gonarsa. Ita kuwa gwamnati, kuɗin da ke hannunta kaɗan ne, buƙatu kuma sun yi yawa. Ilimin da ke nazarin yadda za a raba wannan kaɗan ɗin domin ya ceci rayuka mafi yawa shi ne tattalin arzikin lafiya, kuma a yau akwai ƙofofin digiri na biyu da na uku a fannin, a gida da waje.

Abin da fannin ya ƙunsa

Masana na danganta kafuwar fannin da wata maƙala da masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Kenneth Arrow, ya wallafa a 1963. A cikinta ya nuna cewa harkar magani ta sha bamban da sauran cinikayya, domin mutum bai san ranar da zai kwanta ciwo ba, kuma likita ya fi majinyaci sanin abin da ake sayar masa. Saboda haka, barin harkar a hannun ciniki kaɗai na iya cutar da marasa ƙarfi.

Daga nan fannin ya yi rassa. Reshe na farko shi ne samar da kuɗin kiwon lafiya, ko ta haraji, ko inshora, ko tallafin ƙasashen waje. Na biyu shi ne auna tsadar magani ko shiri a kwatanta ta da amfaninsa. Na uku kuma ya shafi adalci, wato wane ne ke cin moriyar kuɗin gwamnati tsakanin birni da ƙauye, da tsakanin mai hali da talaka.

Reshe na biyu ne ya fi jawo masu bincike. A ƙaddara wata jiha na da kuɗin da ba zai wuce aiki ɗaya ba: ko ta sayi na'urorin wankin ƙoda, ko ta raba gidajen sauro da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara a lokacin damina. Duka biyun alheri ne. Aikin masanin shi ne ya lissafa abin da kowane zaɓi zai ci, da yawan shekarun rayuwa cikin ƙoshin lafiya da zai samar, sannan ya nuna abin da za a rasa idan aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya. Hukuncin ƙarshe na shugabanni ne, amma za su yanke shi da idanu a buɗe.

Ana amfani da ma'aunai biyu wajen wannan lissafi. Wanda ake kira QALY na ƙirga shekarun da magani ya ƙara wa mutum tare da la'akari da ingancin rayuwarsa. Wanda ake kira DALY, da ya yi fice bayan rahoton Bankin Duniya na 1993, na ƙirga shekarun da cuta ta cinye ta hanyar mutuwar wuri ko nakasa. A Ingila, hukumar NICE da aka kafa a 1999 na dogara da irin wannan lissafi kafin ta ba da shawarar sayen sabon magani da kuɗin jama'a.

Dalilin da buƙatar masana ta ƙaru a Najeriya

Dokoki biyu sun faɗaɗa aikin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, da aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni.

Aiwatar da waɗannan dokoki na buƙatar lissafi. Sai an san nawa za a karɓa daga kowane mai inshora, waɗanne cututtuka ne za a ɗauki nauyinsu, da yadda za a riƙa biyan asibitoci ba tare da asusu ya ƙare ba. Hukumomin inshorar lafiya na jihohi su ma na fuskantar waɗannan tambayoyi.

Batutuwan bincike kuwa suna nan jibge. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma a watan Disambar 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafinsa a jihohin Kebbi da Bayelsa. Tsadar faɗaɗa shirin zuwa sauran jihohi batu ne na nazari. Haka ma tasirin harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, da asarar da ƙasa ke yi sakamakon ficewar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙetare.

Inda ake karantar da shi

A cikin gida, Jami'ar Najeriya, reshen Enugu, ta daɗe da yin suna a binciken tattalin arzikin lafiya da manufofinsa, musamman ta hannun ƙungiyar masu bincike da Farfesa Obinna Onwujekwe ke jagoranta. Sashen Tattalin Arziki na Jami'ar Ibadan na koyar da fannin, haka ma Jami'ar Bayero ta Kano na da digiri na biyu a kansa. A wasu jami'o'in, ɗalibi kan shiga ta sashen tattalin arziki ko na lafiyar al'umma, sannan ya rubuta kundinsa a wannan ɓangare.

A Afirka ta Kudu, Jami'ar Cape Town ta buɗe sashen tattalin arzikin lafiya tun 1990, kuma ta horar da ɗalibai daga sassan nahiyar da dama. A Ingila, Jami'ar York ta kafa cibiyarta a 1983, wadda ke cikin mafiya daɗewa a duniya. Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan kuma ta shahara da bincike kan ƙasashe masu tasowa.

Hanyoyin samun tallafi

Tallafin karatu na ƙungiyar Commonwealth na ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku a Birtaniya, kuma Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya na cikin masu gabatar da sunayen 'yan Najeriya. Tallafin Chevening na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, yana buƙatar gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan kammalawa. Hukumar DAAD ta Jamus ita ma na tallafa wa ɗaliban ƙasashe masu tasowa.

A nahiyar Afirka, ƙungiyar AERC da ke Nairobi na gudanar da shirin digiri na uku na haɗin gwiwa a fannin tattalin arziki, kuma Jami'ar Ibadan na cikin cibiyoyinsa. Shirin CARTA na tallafa wa ma'aikatan jami'o'in da ke cikinsa su yi digiri na uku a binciken lafiyar al'umma, ciki har da Jami'ar Ibadan da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Malaman manyan makarantun gwamnati kuwa na iya neman tallafin asusun TETFund ta hannun makarantunsu.

Akwai kuma guraben digiri na uku da ake tallata su haɗe da wani aikin bincike da ya riga ya sami kuɗi. A irin wannan, an riga an zaɓi batun, ɗalibi kuma na samun alawus. Ƙungiyar masanan fannin ta Afirka, AfHEA, mai hedikwata a Accra, da takwararta ta duniya, iHEA, na cikin wuraren da ake jin labarin guraben karatu da taruka.

Shirin da ya kamata a yi

Masu shiga fannin na fitowa ne daga tattalin arziki, ƙididdiga, likitanci, haɗa magunguna, jinya da lafiyar al'umma. Wanda ya fito daga asibiti zai buƙaci ƙarfafa lissafi da ƙididdiga, wanda ya fito daga tattalin arziki kuma sai ya koyi yadda cututtuka ke yaɗuwa da yadda asibiti ke aiki. Iya sarrafa manhajojin kwamfuta irin su Excel, Stata ko R na ƙara wa mai nema daraja.

Ga mai neman digiri na uku, takardar ƙudurin bincike ce ke da nauyi mafi girma. Masu tantancewa na son tambaya ƙwaya ɗaya mai iyaka, da bayanin inda za a samo alƙaluma, da hanyar da za a bi wajen nazarinsu. Ƙudurin da ya ce zai binciki matsalolin lafiya a Najeriya baki ɗaya ya yi faɗi. Wanda ya ce zai auna abin da haihuwa a asibiti ke cin iyali a wasu ƙananan hukumomi, da ko inshorar jiha ta rage nauyin, ya fi kama hankali. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da ake yi tun 1990, da binciken yanayin rayuwar iyalai na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tushe ne da ɗalibi zai iya fara aiki da su.

Yana da kyau a tuntuɓi malamin da zai duba aikin tun kafin a cike takardu, bayan an karanta abin da ya wallafa. Jami'o'in gida kan nemi shaidar kammala hidimar ƙasa ko takardar yafewa, tare da cikakken sakamakon digiri, wanda fitar da shi kan ɗauki lokaci. Duk binciken da zai taɓa majinyata ko bayanansu kuma sai ya sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.

Yawancin tallafin ƙasashen waje na rufe karɓar takardu ne watanni da yawa kafin fara zangon karatu, don haka mai niyyar tafiya baɗi, a bana zai fara shiri. Sharuɗɗa na sauyawa daga shekara zuwa shekara, kuma shafin intanet na jami'a ko na hukumar da ke ba da tallafin ne kaɗai abin dogaro. Waɗannan hukumomi ba sa sayar da gurbi, saboda haka duk wanda ya nemi kuɗi domin samar da tallafi, a yi hattara da shi.