Gasar sauka da laima: yadda santimita ke komawa maki a kaka guda

Masu zuwa Kwahu lokacin bikin Ista sun saba ganin mutane suna tashi da laima daga kan dutsen Odweanoma a Atibie, abin da aka fara tun 2005. Can dai shawagi ake yi don nishaɗi, duk inda ƙafa ta taɓa a filin sauka an gama. Amma a Turai akwai masu wani reshe na wannan wasa da ba ruwansu da daɗewa a sama. Su abin da ya dame su shi ne inda dunduniya za ta fara taɓawa.

Turawan Ingila suna kiran wasan farasendin. Ba dutse ake hawa ba. A fili shimfiɗaɗɗe, galibi filin jirgin sama mai ciyawa, ake ɗaura wa matuƙi doguwar igiya, mota irin Land Rover ko injin naɗe igiya ya ja shi, laimar ta cika da iska ta ɗaga shi sama kamar mita 200 zuwa 300. Daga nan sai ya saki igiyar, ya sarrafa laimar da igiyoyin birki biyu da ke hannunsa, ya nufo wurin sauka.

A wurin akwai katifa mai iska, a tsakiyarta faifai mai aiki da lantarki, a tsakiyar faifan kuma ɗan ɗigo mai faɗin santimita 2. Bai kai murfin gorar ruwa ba. Wanda ya taka ɗigon ya samu sifili, kuma a nan sifili shi ne sarkin maki. Wanda ya kauce da santimita 5 an rubuta masa 5. Faifan yana aunawa har santimita 16 daga tsakiya; in an wuce haka, sai alƙalai su auna da hannu. Ana yin zagaye da yawa, a tara, mai mafi ƙarancin jimla shi ne gwani. Shi ya sa za ka ga takalman matuƙan da dunduniya mai tsini, kamar an feƙe fensir.

Ingila na da tsohuwar alaƙa da abin. Ƙungiyar BHPA da ke kula da shi an kafa ta a 1992, kuma gasar duniya ta farko ta sauka daidai da laimar shawagi, wato ƙanwar farasendin, a Middle Wallop aka yi ta a 2000. Ita wannan ƙanwar ta fi tsanani ta wani ɓangaren: ba katifa, kuma in ka taka ɗigon sannan ka faɗi, an ba ka maki mafi muni na zagayen. Ta yi nisa har ta shiga wasannin Asiya na 2018 a Indonesiya, inda Jafro Megawanto ya ci zinare a gida.

To ina lig ya shigo? Gasa ɗaya kwana biyu ce ko uku, kuma iska ce ke mulki. Ranar da iska ke kaɗawa a hankali ta gefe guda, ko matsakaicin matuƙi zai yi ta buga 2 da 3. Ranar da take juyawa, gwanaye ma sai su sauka bayan faifai. Idan aka ce a tara santimitocin duk gasannin shekara wuri ɗaya, ai an zalunci wanda ya je gasar da aka sha wahala, an fifita wanda ya dace da rana mai kyau. Don haka tsarin lig yakan ajiye santimita a ƙarshen kowace gasa, ya dubi matsayi: na ɗaya ya kwashi maki mafi yawa, na biyu ya bi baya, har ƙasa. Lissafin ya juya ke nan. A fili ƙarami ake nema, a teburin lig kuwa babba, kamar dai teburin ƙwallon ƙafa.

A ce matuƙa biyu ne, gasa huɗu. Na farko ya zo na ɗaya sau ɗaya, sauran ukun ya ɓace a tsakiyar jeri. Na biyu bai taɓa ɗaga kofi ba, amma kullum yana cikin ukun farko. A ƙarshen kaka na biyun ne zai kasance a sama, kuma a ganina daidai ne. Duk malamin da ya taɓa haɗa makin aikin aji da na jarrabawar ƙarshen zango ya san wannan: akwai yaron da ke haskakawa rana ɗaya, akwai wanda ba ya faɗuwa.

Sai dai akwai inda takalmin ke matsi. Wanda ke da kuɗin mai da lokacin zuwa kowace gasa zai iya tara maki ya wuce wanda ya fi shi hannu amma aiki ya tsare shi. Maganin da aka saba yi shi ne a ƙirga mafi kyawun sakamako kaɗan, a zubar da sauran. Haka hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ke yi a jerin gwanayenta na laimar shawagi: sakamako mafi kyau kawai ake ɗauka, ana duba yawan waɗanda suka shiga gasar da ƙarfinsu, kuma makin na raguwa yayin da yake tsufa. Cin gasar mutum goma ba ɗaya ba ne da cin ta mutum tamanin.

Ko a cikin gasa guda akwai irin wannan sassauci. A dokar laimar shawagi, da zarar an kai zagaye 5 ana jefar da mafi munin sakamakon kowa, kuma in iska ta haura mita 7 a daƙiƙa lokacin da matuƙi ke gab da sauka, ana ba shi damar sake tashi. Amma fa ba kyauta ba ce zalla: in ya karɓi sake tashin, makin farko ya tafi, ko da na biyun ya fi shi muni.