Yakuwa: shuka ɗaya, amfani uku

Kowaccenmu ta san wuyar bazara: rumbu ya yi ƙasa, kayan miya sun yi tsada, ga kuma zubin mako na asusu ba ya jira. Akwai shukar da muke rainawa don mun saba ganinta a gefen gonar hatsi, alhali za ta iya rage muna wannan nauyi in muka kawo ta cikin gida. Yakuwa ke nan, wadda wasu ke kira sure.

Yakuwa ba ta ƙin ƙasar rairayi irin tamu. Da ruwan shuka ya sauka, cikin Yuni ko farkon Yuli, sai a sami wuri mai rana a bayan ɗaki, a zuba takin awaki wanda ya ruɓe, a sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, a bar kamar taki ɗaya tsakanin ramuka. Kar a makara. Ita yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Wadda aka shuka a makare za ta yi fure tana ƴar ƙarama, amfaninta kaɗan. A yi mata darni ko shingen ƙaya tun ranar farko, don akuya ba ta da kunya.

Amfani na farko shi ne ganye. Bayan kamar mako 6 ana iya fara tsinka don miya ko kwaɗo da ƙuli. A tsinka kaɗan-kaɗan daga kowane gindi, kar a tsiraita shi. Abin da ya yi saura a shanya a inuwa, a adana don rani.

Na biyu shi ne soborodo, jan ɓawon nan da ke rufe ƴaƴan bayan fure ya faɗi. A ɓare shi, a shanya bisa tabarma mai tsabta, ba bisa ƙasa ba, har ya bushe ƙayau. Soborodo mai rairayi ba ya daraja a kasuwa. Abin shan da ake yi da shi ba namu kaɗai ba ne: a Sanagal suna ce mishi bisap, a Sudan da Masar karkade. Yana rage hawan jini kaɗan, don haka mai shan maganin hawan jini da mai ciki su tambayi ma'aikacin likita kafin su yawaita sha.

Na uku shi ne gurguzu, wato ƙwayar. Da ita iyayenmu ke yin daudawar batso: a dafa ta yi laushi, a rufe ta kwana biyu ko uku, a daka da ruwan toka, a shanya. Mai daudawa a ɗaki ba ta sayen dunƙulen miya kullum.

To, ina ruwan asusu? Tun da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, dubarar ɗaya ce: tara kaɗan-kaɗan, a ci moriya lokacin matsi. Haka yakuwa take. Da kaka kowa ke kai tiyarta kasuwa, farashi ya faɗi. Wadda ta adana nata cikin buhu a wuri busasshe, ta fitar da shi da zafi ko da azumi, ko a nan Filinge ko a Balleyara, ita ke samun kuɗin zubi ba tare da ta sayar da ƴar akuyarta ba.

A taron mako mai zuwa, kowace ƙungiya ta tambayi wa ke da iri, ja ko fari, a raba wa waɗanda ba su da shi. Wadda ta karɓa ta mayar da kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka.